Yadda mai moto a Maraɗi zai shirya ma ƙarancin esans

'Yan uwa masu kabu-kabu da masu adaidaita da masu gurup a shago, maganar nan taku ce. Mu nan Maraɗi shekara da shekaru man Najeriya muka yi ta sha, ruwa-ruwa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, kwalba-kwalba bakin titi, saboda ya hi na tasha araha. To ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya cire tallafin mai, kuɗɗin ya tashi can, wata biyu bayan nan aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa takunkumi aka ruhe iyaka, Najeriya ta yanke muna wuta. Sai kowa ya koma kan SORAZ, matatar mai ta Damagaram, alhali ganga 20,000 take iya tacewa a rana tun da aka buɗe ta a 2011, kuma ba duka ba ne ke zama esans. Shi ya sa a Maris 2025 aka ga layi ko'ina, ƙasar da ke tura ɗanyen mai ta bututu daga Agadem har gaɓar teku a Benin amma sai da aka nemo tatacce daga waje. Abin da ciwo wallahi.

Farko dai ka riƙa sa kunne. In ka ji an taɓa kuɗɗin mai a Katsina, ko an fara cacar baki kan iyaka, ko SONIDEP, kamfanin mai na gwamnati, ta rage abin da take ba gidajen mai, kada ka jira sai layi ya kai titi, cika tankinka tun ranar. Kuma ka daina barin shi yana taɓa rizab, in ya kai rabi ka ƙara.

Amma don Allah kada ka tara bido-bido cikin ɗakin da iyali ke kwana. Da zafin Afrilu na garin nan esans na kumbura bido, tururinshi kawai in ya samu garwashin mai shayi ko tartsatsin wuta shi ke nan. In dole ne ka aje, bido ɗaya, a inuwa, nesa da madafa, kada ka cika shi har baki.

In tasha babu sai wajen masu ruwa-ruwa, to ka duba kafin a zuba maka, don lokacin tsada ne ake gauraya shi. Ɗaga kwalbar ka kalli gindinta a rana, in akwai ruwa za ka ganshi ya kwanta ƙasa daban. Ɗiga kaɗan kan farar takarda, mai kyau yana bushewa nan take bai barin komi, wanda aka sa ma kananzir ko gazuwal zai bar tabon maiƙo. Mai sayarwa in ya hana ka dubawa, wuce gaba.

Sai ita moton. Taya mai ƙarancin iska, buji da ya yi baƙi, matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, duk suna shanye maka mai a banza, jika ɗaya wajen makanike ta hi ka yi ta ƙara lita. Kashe inji in kana jiran fasinja.

Masu lambu na bakin Gulbi da Jiratawa su ne nike tausaya ma sosai, don albasa ko tumatir ba su san babu mai ba, kwana biyu ba ban ruwa an yi asara. Ku haɗu mutum uku ko huɗu ku yi adashe ku sayi fanfon sola, ko ku kai injin ban ruwan wajen wanda ya iya ya maida shi mai aiki da tukunyar gas, amma ku tabbata an ɗaure tiyon da kyau kuma ku shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa to yana yoyo.