Yadda za ka buɗe wa zuciyarka kaye, kamar dai na bashi

Duk mai butik a Maradi yana da kayen bashi. Wane ya ɗauki sukari tiya biyu, wance ta ɗauki sabulu sai ƙarshen wata, komi a rubuce. To abin da ya hana ka barci jiya fa, ina ka rubuta shi? Mu an raine mu da kawaici, namiji ba ya kuka, mace ta yi haƙuri, a fada kuma in ana shan shayi ba komi ake faɗi ba, don gobe sai ka ji zancenka a bakin ɗan kabu-kabu. In ka girma kowa kai yake kawo wa kukansa, kai naka ba inda za ka kai. Ni kaye na samu, ga yadda nake yi.

Ka sayi kayen 'yan lekol ɗin nan mai shafi 100 da bik guda, shi ke nan. Kar ka sayi mai tsada mai bangon fata, wallahi tsoron ɓata shi za ka yi ya shekara a akwati ba ka taɓa ba. Waya kuma ban ba ka shawara ba, kana cikin rubutu saƙon WhatsApp zai shigo, ko yaro ya ɗauka ya buɗe, ko kuran ya ɗauke caji ya ƙare.

Lokaci, ka liƙa shi da abin da ka saba yi kullum. Ni bayan sallar isha'i ne in gida ya yi tsit, wata bayan asuba ne kafin yara su tashi neman koko. Minti 10 ya isa. Fara da kwanan wata a sama, kar ka raina wannan, shi ne zai yi ma amfani nan gaba.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure. Sai mutum ya rubuta "na je kasuwa, na dawo, an yi zafi", kwana uku ya gaji ya aje, ai dole, wannan ba abin da ya sauke ma. Ka rubuta abin da ya faru, sannan ka rubuta abin da ya yi ma a rai, da sunansa. Misali ƙanenka da ka biya wa kuɗin makaranta ya wuce ka a wurin ɗaurin aure ya gaisa da kowa kai ya ɗaga ma hannu daga nesa, kar ka tsaya a "raina ya ɓaci", tona, haushi ne ko kunya ce don mutane sun gani, ko tsoro ne kada a ce ka fara zama ba kowa ba a gidan? Sau da yawa sai bik ya kai layi na shida kake gane ba ma shi ne ya dame ka ba.

Abin nan an gwada shi. A 1986 wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi yi musu ciwo a rayuwa, minti 15 kullum har kwana 4 a jere. Da farko ransu ya ƙara yin nauyi, amma a watannin da suka biyo baya ba su yawaita zuwa likita kamar sauran ɗaliban da ba su rubuta damuwarsu ba. Saboda haka in ka rufe kaye ka ji ƙirjinka ya yi nauyi daren farko, ba wai abin bai yi ba ne. Amma in baƙin cikin ya yi makonni ya hana ka ci da barci, wannan ya wuce kaye, ka ga likita ko wani babba da ka yarda da shi.

Ba ruwanka da ƙa'idar rubutu, ba malamin lekol ne zai duba ba. Hausa, Faransanci, gauraye, duk ɗaya. In ka yi allo ka iya ajami ma ya fi, yaran yanzu da yawa kallonsa kawai za su yi. Sunayen mutane ka sa harafi ɗaya, kayen kuma ya kwana a akwati mai kwaɗo, don gidan yawa ba a rasa mai bincike. Kuma kar duk ya zama ƙorafi, ranar da 'yarka ta fara tafiya ko ruwan farko ya sauka ka ji ƙanshin ƙasa, sa shi ciki.

In ka tsallake sati biyu kar ka ce ka fasa, buɗe sabon shafi ka sa kwanan yau.

Bayan wata shida ka koma baya ka karanta. Ni kwanan baya na buɗe shafukan Agustan 2023, lokacin da aka rufe boda kayana suka maƙale can ɓangaren Jibiya, na ga na rubuta cewa ban san yadda zan kalli masu bina kuɗi ba, rubutun ma a karkace don a hasken tocila na yi shi. Na manta sam na taɓa shiga wannan halin. A ƙasan shafin kuma na sa cewa maƙwabcina ya aiko mana da tiya uku ta hatsi ba tare da na roƙa ba, shi ma na manta, sai da na rufe kayen na sa takalmi na je na gaishe shi.