Kurakuran da 'yan boksin ke yi in za su shiga damben kuɗi

Na gaji da ganin yaro mai hannu, wanda ya kwashi lambobi a gasar ƙasa, ya shiga damben kuɗi, kafin shekara biyu ya dawo gida da ciwon kai da bashi. Kurakuran kuwa ba sa sauyawa, su ne dai muka yi a zamaninmu.

Babbansu shi ne ajin nauyi. A damben neman lamba, wato irin na gasar ƙasa da Olamfik, da safiyar ranar wasa ake hawa sikeli, in ka yi nasara kuma ka sake hawa kafin wasa na gaba. Shi ya sa kowa ke dambe kusa da nauyinsa na gaskiya. A damben kuɗi ana gobe wasa ake awo. Abokin karawarka zai matse ruwan jikinsa ya cika awo, ya kwana yana ci yana sha, gari ya waye ya fito maka kamar ba shi ba. Ko Vasyl Lomachenko na Yukren, mai zinare biyu a Olamfik na 2008 da 2012, sai da ya ɗanɗana wannan. A wasansa na biyu na kuɗi, a watan Maris na 2014, ajin kilo 57 aka ƙulla. Orlando Salido na Meziko ya kasa cika awo, ya shigo fili yana kusan kilo 67, ya yi ta danne shi da jiki har turmi 12, ya cinye da maki. In haka ta sami mutumin da sau ɗaya tak aka taɓa doke shi a wasannin neman lamba kusan 400, kai wa ya ba ka tabbacin ajin da ka ci lamba a cikinsa naka ne har abada?

To, da yaro ya gane haka sai ya faɗa ɗaya ramin, wanda ya fi zurfi. Wannan ni ya ci, kuma har yau ina jin zafinsa. A kilo 69 nake dambe, lafiyata ƙalau. Wani mai shirya wasa ya ce in sauko ajin kilo 63.5 zai ba ni kuɗi mai kauri, kuma kwana tara ya rage. Na naɗe jikina da leda ina gudu a ranar bazara, ina ta tofar da yawu, na yi kusan kwana biyu ruwa sai dai kurɓa. Na cika awo, aka tafa mini. Washegari turmi huɗu na farko ni ke jan wasa. A na biyar ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, naushin da a da ko gezau ba zan yi ba shi ya kwantar da ni. A gadon asibiti na farka ana yi mini ƙarin ruwa, kuɗin wasan ma a nan ya ƙare. Jikin da aka busar ba ya dawowa cikin dare ɗaya, kuma kan da babu ruwa a jikinsa ba ya jure duka. Duk kocin da ya ga yaronsa cikin leda ya yi shiru, wallahi yana da alhaki a wuyansa.

Abin da nake yi da yarana yanzu, ko da wasu masu horarwa ba su yarda da ni ba: kowa na da littafi, kullum da asuba kafin ya karya ya hau sikeli ya rubuta, wata guda cur. In zai rage fiye da kilo huɗu a makon wasa, ajin ba nasa ba ne, sama zai hau. Ba na kuma karɓar wasa a cikin azumi ko makon sallah. Mai son hawa sama ya dubi Oleksandr Usyk na Yukren. Ya ci zinaren Olamfik a kilo 91 a 2012, ya zauna a ajin kilo 90.7 har ya haɗa kambun duniya huɗu a 2018, sannan ya hau ajin masu nauyi ya doke Anthony Joshua a 2021.

Kuskure na biyu a zuci yake. Kana wakiltar jiha ko ƙasa, akwai sansani, akwai mai tashinka da asuba, akwai tuta. Ranar da ka sa hannu a takardar damben kuɗi duk wannan ya ƙare. Kai ke biyan koci, manaja na da kasonsa, wani lokaci ka yi wata shida ba a kira ka ba. Wanda lamba kawai yake nema, ya kuma same ta, me zai fitar da shi gudu cikin hunturu? Audley Harrison na Ingila ya ci zinaren Olamfik a Sidni a 2000, BBC ta ba shi kwantiragin kusan fam miliyan ɗaya tun bai yi wasan kuɗi ko ɗaya ba. A ganina ladan ne ya riga aikin zuwa. Da ya sami damar kambun duniya a 2010, David Haye ya gama da shi a turmi na uku. Shi ya sa nake zaunar da yaro in tambaye shi, "Kai, tsakaninka da Allah, me kake nema?" In ya ce mota, sai in ce ya je ya koyi sana'a, don motar za ta fi saurin zuwa, kuma da ƙwaƙwalwarsa lafiya.

Sauran ƙanana ne, amma suna ciwo. Safar damben kuɗi ta fi ƙanƙanta, oza takwas ce a ƙananan azuzuwa, don haka bar ɓoye fuska bayanta kamar da. Salon taɓa ka gudu na turmi uku ba ya kai mutum turmi takwas. Koyi dasa ƙafa da dukan ciki. Kada ka raina wasannin turmi huɗu da shida na farko don kana da lamba.

Kwantiragi kuwa, kada ka sa hannu a ranar da aka miƙo maka shi. Kai wa lauya, ko wani babba a gidanku da ya iya karatun takarda, ya duba shekara nawa aka ɗaure ka, kashi nawa za a cire, da kuma wanda zai biya asibiti in ka ji rauni.