Yadda ake tsara gilashin tara hasken rana don ƙaramin aiki

Kafin ka nemi gilashi, fara sanin abin da zai zauna ƙarƙashinsa. Gindin tukunya ne, ko bututun ruwan zafi, ko ƙaramar ƙwayar sola irin ta musamman mai jure haske mai yawa? Ni da wannan nake fara lissafi, domin faɗin wurin da hasken zai sauka shi ke yanke girman gilashi da nisansa.

Gilashi mai kauri irin na ƙara girman rubutu ba zai yi ba, idan ya kai faɗin rabin mita nauyinsa da kuɗinsa sun fi ƙarfinka. Abin da ake amfani da shi shi ne gilashin Fresnel, wanda ya ɗauki sunan Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya tsara shi saboda fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa gaɓa. An fara ɗora irinsa a hasumiyar Cordouan a 1823. Dabararsa ita ce a zubar da kaurin, a bar gangaren fuskar kawai, a yanka shi zobe-zobe kamar kunyoyin gona da aka yi a da'ira. Na zamani da robar akirilik ake yi, wadda ke barin kusan kashi 92 cikin 100 na hasken da ido ke gani ya wuce. Wanda bai da kuɗin sabo ya duba wajen masu gyaran talabijin, tsofaffin manyan talabijin ɗin nan masu haska hoto daga baya suna da irinsa a cikin fuskarsu.

Lissafin ƙarfi ba shi da wuya. A ce gilashinka santimita 60 ne sau 80, wato kusan rabin murabba'in mita. Idan sama ta yi garau, rana tana ba da kamar wat 800 kai tsaye a kowane murabba'in mita, ka ga kana da wat 384. Cire abin da ke komawa baya daga fuskokin robar da wanda bakin zobba ke watsarwa, sai ka riƙe wat 300. Ɗaga ruwa lita ɗaya daga digiri 30 zuwa tafasa zai ci minti 16 da wannan ƙarfi, in tukunya ba ta zubar da zafi ba, kuma za ta zubar. Gilashi ba ya ƙara wa rana ko wat ɗaya, tarawa kawai yake yi wuri guda, saboda haka mai son dafa abincin gida guda sai ya nemi faɗi.

Sai nisan wurin taruwar haske, wato tazarar da ke tsakanin gilashi da inda hasken ke haɗuwa, kuma a nan na fi son a tsaya. Ka'idar da nake bi ita ce kada nisan ya gaza faɗin gilashin. Ga dalili. Zoben da ke kusa da tsakiya ɗan karkatar da haske kaɗan yake yi, na baki kuwa dole ya lanƙwasa shi sosai. A akirilik mai nisan taruwa mita 1, wanda ka juya zobbansa ƙasa, zoben da ke santimita 10 daga tsakiya gangarensa kamar digiri 11 ne, na santimita 40 ya haura digiri 33, na santimita 50 ya doshi 37. Da gangaren ya kai digiri 42, hasken ba zai ƙara fita ba, komawa zai yi cikin robar. Tun kafin a kai nan ma hasara tana ƙaruwa. To gilashi mai faɗi da gajeren nisa, bakinsa kusan ado ne.

Amma dogon nisa ma da nasa. Rana a sama faɗinta ya ɗan wuce rabin digiri, don haka duk mita 1 na nisa yana ba da ɗigon haske da ba zai gaza milimita 9 ba, komai kyan gilashi. A zahiri ya fi haka, saboda shuɗin haske yana taruwa kusa, ja yana taruwa nesa kaɗan. Duba bakin ɗigon a kan bulo za ka ga kala-kala.

Ga mai dafuwa wannan ba damuwa ba ce, kuma ina roƙon ka kada ka bi ƙaramin ɗigo. Tara wat 300 a wuri mai faɗin ƙwandala na iya lalata gindin tukunyar sanholo mara ruwa, alhali abincin gefe bai ji wuta ba. Matso da tukunyar kusa da gilashi har hasken ya bazu ya kai faɗin santimita 10 ko fiye, ka shafa wa wurin da hasken ke sauka a bayan tukunyar baƙin fenti mai jure zafi. Farantin sola na gida kuwa kada ka kusanto da shi, ba a yi shi don wannan zafi ba.

Rana tana tafiyar digiri 15 a awa. A nisan mita 1, ɗigon yana gusawa sama da milimita 4 kowane minti. Ka ce wa mai walda ya yi maka firam mai juyawa gefe da gefe, da sama da ƙasa, wurin tukunyar kuma ya kasance haɗe da firam ɗin. Kafa doguwar ƙusa a tsaye a gefen firam: in inuwarta ta ɓace ƙarƙashin kanta, ka saiti rana. Kowane minti 10 sai ka ɗan taɓa.

Fuskar da ke da santsi ita nake so ta kalli sama, zobba su kalli ƙasa, don ƙura ba ta samun mazauni. In na talabijin ne, gwada fuskokin biyu ka ga wadda ta fi tara haske, tunda ba don rana aka yanka shi ba. Wankewa da ruwa da ɗan sabulu da tsumma mai laushi, ban da fetur ko tina, suna dusashe akirilik. Kada a goge shi a bushe. Lokacin hunturu, idan hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya rufe gari, rage buri. Gilashin nan hasken da ya miƙo kai tsaye kawai yake iya tarawa, wanda ƙura ta watsa ya tafi ke nan. Ranar da inuwarka ba ta fita sosai a ƙasa, shi ma ba zai yi aiki ba.

Sa gilashin walda duk lokacin da za ka kalli ɗigon, tabarau na kwalliya ba ya kare ido a nan. Yi aikin nesa da zana da karare da jarkar mai, yara kuma su tsaya baya. Kana gamawa ka lulluɓe gilashin da buhu ko zane mai kauri ka shigar da shi inuwa, domin ko jingine shi aka yi da bango, rana za ta zagayo ta same shi.