Kurakuran da ke kayar da mai gaskiya idan ya kai hukuma kotu

Da yawa daga cikin ƙararrakin da ake shigarwa a kan hukumomin gwamnati suna mutuwa ne tun kafin alƙali ya kai ga tambayar wane ne mai gaskiya. Malamin makarantar da aka sallama ba tare da an ji ta bakinsa ba, da ɗan kasuwar da aka ƙwace wa rumfa a Daura, da manomin da titi ya ratsa gonarsa a Mashi, kowannensu yana iya zuwa da hujja mai ƙarfi, amma sai lauyan gwamnati ya miƙe ya ce lokaci ya wuce, ko ya ce kotun ba ta da hurumi, shari'ar ta tsaya a nan. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kansa bisa kowane mai mulki a sashe na 1, ya ba kotuna ikon raba gardama tsakanin mutum da gwamnati a sashe na 6, sannan a sashe na 36 ya wajabta a saurari kowa kafin a yanke masa hukunci. Ikon yana nan, sai dai yana da ƙa'idojin da ba a sassauta wa wanda ya jahilce su.

Kuskuren farko shi ne rashin sanin abin da kotu take dubawa. Mutum yakan cika takardar ƙararsa da bayanin cewa matakin da aka ɗauka a kansa ya yi tsauri, ko yana da iyali masu yawa, ko wani ya yi abin da ya fi nasa ba a taɓa shi ba. Alƙali ba ya maye gurbin kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ya zaɓi abin da ya fi dacewa. Tambayoyinsa su ne ko doka ta ba wannan jami'i wannan iko, ko ya bi matakan da dokar ta shimfiɗa, ko ya yi amfani da ikon don manufar da aka ba shi, da kuma ko matakin ya kauce wa hankali har ta kai babu wata hukuma mai tunani da za ta ɗauke shi. Gyaran shi ne a fara da neman dokar da ta kafa hukumar, a gano sashen da ta dogara da shi, sannan a nuna inda ta tsallake.

Shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta nuna wannan sarai. An kori ɗalibai bayan tarzomar 1983, amma a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, ba don ta wanke su daga zargi ba, sai don mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, kuma laifuffukan da aka jingina musu irin waɗanda kotu ce kaɗai ke da ikon hukuntawa ne. Babu mai zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki, kuma ba a yanke hukunci da jin ɓangare guda. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a zauren karatu na Katsina, domin Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Ali da kada ya yanke wa mai ƙara na farko hukunci sai ya ji maganar ɗayan.

Kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne cin mutane, shi ne jinkiri. Al'adarmu ita ce idan abu ya faru a fara da kamun ƙafa, a je wurin hakimi, a aika dattijo wurin babban sakatare, a jira ɗan majalisa ya dawo daga Abuja. Babu aibu a neman sulhu, amma dokar kare jami'an gwamnati ta ce duk ƙarar da za a shigar a kan jami'i ko hukuma saboda abin da aka yi a bakin aiki, dole a shigar da ita cikin wata 3 daga ranar da abin ya faru, kuma ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya sun sa irin wannan wa'adi ga mai neman kotu ta bi diddigin matakin hukuma. Kotun Ƙoli ta daɗe da bayyana cewa tattaunawar sulhu da wasiƙun neman afuwa ba sa dakatar da ƙidayar kwanaki. Mutum zai shafe wata 7 ana ce masa takardarsa tana kan teburin mai girma, ranar da ya fid da rai ya nufi kotu sai ya tarar hakkinsa na kai ƙara ya riga ya faɗi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Gaskiya ne wannan doka tana da togaciya. Ba ta kare jami'in da ya fita daga hurumin ofishinsa ko ya yi aiki da mugun nufi, ba ta shafi ƙarar karya yarjejeniyar kwangila ko neman dawo da fili ba, kuma idan cutarwar mai ci gaba ce ana fara ƙidaya daga ranar da ta tsaya. Game da korar ma'aikaci kuwa, hukunce-hukuncen manyan kotuna sun sha bamban, saboda haka mai hankali ba zai jingina aikinsa da fanshonsa a kan togaciyar da ake jayayya a kanta ba. A shigar da ƙara cikin wa'adi, a ci gaba da neman sulhu, domin kotu ba ta hana a sasanta a janye. Haka kuma dokokin da suka kafa hukumomi da dama, har da na ƙananan hukumomi, suna buƙatar a ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, galibi ta wata guda, kuma wannan wata yana cin cikin wa'adin nan na wata 3. Inda aka tauye 'yancin ɗan Adam kai tsaye, kamar tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, ƙa'idojin 2009 sun cire wa'adi, sun kuma cire neman izinin kotu kafin shigar da ƙara.

Sai kuma kuskuren ƙofa. Kotun shari'ar Musulunci da kotun majistare ba su da ikon soke matakin gudanarwa na gwamnati, wannan aikin manyan kotuna ne. Idan matakin na ma'aikatar jiha ne ko na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Katsina, Babbar Kotun Jiha ake nufa. Idan na hukumar tarayya ne, kamar kamun kaya da jami'an kwastan kan yi a iyakar Jibiya ko Kwangwalam, ko matakin gudanarwa na wata makarantar tarayya, sashe na 251 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya. Duk abin da ya shafi aiki, albashi, kora da fansho kuwa, tun bayan gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya mayar da shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ko da mai ƙarar ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Ana iya ɗaga batun hurumi a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli, saboda haka shari'ar da aka yi shekaru ana gwabzawa tana iya rushewa a kan wannan kaɗai.

Rashin takarda ma yana kayar da mutane. Ana gaya wa mutum da baki cewa an dakatar da shi, ya tafi gida ya zauna, ko a ba shi takardar tuhuma ya ƙi amsawa don fushi, alhali dokar ta ce a ba shi damar kare kansa ne, kuma wanda aka ba dama ya ƙi amfani da ita ba zai dawo ya ce ba a saurare shi ba. A amsa kowace tuhuma a rubuce, cikin ladabi, a ajiye kwafi mai hatimi da kwanan watan karɓa. Wanda yake son kotu ta tilasta wa hukuma yin aikin da doka ta ɗora mata, dole ya nuna ya nema a rubuce an ƙi ko an yi biris da shi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar takardu, kuma hanya ce mai arha ta tattara hujja.

Akwai masu cewa gwamna yana da rigar kariya, don haka ba a ƙarar gwamnati. Sashe na 308 mutumin da ke kan kujera yake karewa, bai hana a yi ƙarar ofishin gwamna ko Antoni Janar na jiha ba. A 1980 gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan ƙasa ba ne, amma da aka kai ƙarar gwamnatin, Babbar Kotu a Maiduguri ta soke korar.

A batun filaye, mutane sukan ɗauka cewa tunda dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, yana iya karɓe ta yadda ya ga dama. Sashe na 28 ya ƙayyade cewa sai don maslahar jama'a, kuma sai an isar wa mai filin sanarwa ta hanyar da dokar ta tsara. Kotuna sun sha soke ƙwacen da aka yi don a miƙa wa wani mutum filin ya yi harkar kansa. Sai dai mai gona ya sani cewa diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da aka raya ce a kan filin, kamar gini da itatuwa da amfanin gona, saboda haka ɗaukar hoto da ƙidaya kafin motar rusau ta iso ya fi amfani a kan jayayya bayan an share wurin.

Jami'an gwamnati su ma suna da nasu kurakuran, kuma mafi yawa suna fakewa ne da cewa umarni ne daga sama. Idan doka ta ba hukumar kula da ma'aikata ikon kora, wasiƙar da wani darakta ya sa wa hannu don kansa ba ta da ƙarfi, kuma tun shari'ar Shitta-Bey ta 1981 da ta Olaniyan ta 1985 aka tabbatar cewa ma'aikacin da doka ta tsara sharuɗɗan aikinsa, idan aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, mayar da shi ake yi. Mafi muni shi ne amfani da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu, abin da Kotun Ƙoli ta yi tir da shi a 1986 bayan gwamnatin Legas ta fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi ana tsakiyar shari'a.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975 kuma take aiki kyauta, amma ya sani ba ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12 ko wanda ke gaban kotu, shawara take bayarwa ba hukunci ba, kuma zuwa wurinta ba ya tsayar da wa'adin kotu. Wanda ya yi nasara kuma kada ya ɗauka kuɗi sun shigo hannu, domin sashe na 84 na dokar zartar da hukunce-hukuncen kotu ya nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Saboda haka tun ranar rubuta ƙara ya kamata lauya ya fayyace abin da ake roƙo, wato soke matakin, da umarnin mayar da mutum aikinsa ko filinsa, da adadin kuɗin da ake bi, domin kotu ba ta ba mai ƙara abin da bai roƙa ba.