Kafin ka kai takardarka wajen notari a Accra

Jama'ar Nima da Mamobi da Sabon Zango, akwai abin da ke damuna. Mutum zai ɗauko takarda mai jan hatimi yana nunawa, wai shi kenan fili ya zama nashi tunda notari, wato lauyan da aka ba ikon shaida sa hannu a takardu, ya buga sitam. Wallahi ba haka abin yake ba, kuma kuɗin gumin mutane na salwanta a nan.

Da farko ka san wa kake nema. A Ghana ba kowane lauya ne notari ba, Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa su a ƙarƙashin dokar 1960, kuma sai lauya ya kai shekara 10 yana aiki kafin a ba shi. Su kuma waɗanda kake gani da tebur da tafireta ko kwamfuta a kewayen kotu, yawanci kwamishinonin rantsuwa ne, aikinsu afidabit da takardar rantsuwa na cikin gida, kamar an yi kuskure a sunanka ko satifiket ya ɓace. In takardar nan gida za ta tsaya, sau da yawa su ma sun isa kuma sun fi araha. Amma in waje za ta, makaranta a Saudiyya ko Masar, ko izinin yaro ya yi tafiya da uwarsa, ko takardar wakilci, to notari ake so. Ka tambayi masu karɓar takardar tukuna wanne suke so kafin ka kashe ko sidi ɗaya.

Ranar zuwa ka tafi da ƙafarka, kar ka aiki yaro. Ka riƙe Ghana Card ko fasfo, da orijinal ɗin takardar ba fotokofi kaɗai ba, don ba zai shaida kofi ba sai ya ga na asali. Kuma don Allah kar ka sa hannu tun daga gida, ainihin aikin nasa kenan, ya ga fuskarka ya ga katinka ya ga ka sa hannu a gabansa da son ranka ba wanda ya tilasta ka. Kuɗi kuwa ka tambaya tun kafin a fara, ka karɓi rasit. Goro boyis da za su tare ka a bakin get su ce kawo mu yi maka sharp sharp, ka gaishe su ka wuce.

In za ka raka Baba ko Hajiya wadda ba ta karatun boko, nan ne nake so ka buɗe ido sosai. Akwai doka tun 1912 mai kare wanda bai iya karatu ba, dole a karanta mata a fassara mata da harshen da take ji, kuma a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan kafin ta dangwala yatsa. Kar ka yarda da "Hajiya dangwala nan kawai", ko da ɗan cikinta ne ya faɗa, gidaje nawa aka sayar a haka tsohuwa na zaune ba ta sani ba.

Takardar da za ta waje kuma hatimin notari mafari ne kawai. Daga nan sai ofishin sakataren hukumar kotuna, wato Judicial Secretary, ya tabbatar notarin na gaske ne, sai ma'aikatar harkokin waje, sai embasin ƙasar da za ta. Saboda haka kar ka bari sai saura kwana biyu tafiya. In kuma yayanka ne a Amurka ko Jamus zai ba ka wakilcin sayar masa da gida, shi zai je gaban notari na can ya sa hannu, ba kai za ka sa masa a nan ba.

To ga iyakarsa. Notari ba ya shaida cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne, yana shaida wanda ya sa hannu ne. In ka rantse a kan ƙarya laifi ne kuma kai za a kama. Satifiket na jabu in an buga masa hatimi yana nan a jabunsa. Maganar fili a Kasoa ko Amasaman, mai sayarwa zai iya kai mutum uku wajen notari uku a kan fuloti ɗaya, kowa ya fito da indenca, wato takardar cinikin fili, mai kyan gani, don notari ba ya zuwa daji ya duba iyaka kuma ba shi ke riƙe da rajista ba. Sai ka je hukumar filaye ta Lands Commission an yi maka sac, wato binciken rajista, ka ga sunan wa ke kai, ka sa safiyo ya auna, ka biya harajin sitam na gwamnati, ka yi rajista kamar yadda dokar filaye ta 2020 ta tanada. Kafin sakamakon sac ya fito kar ka ba da kuɗi, ko da mai sayarwar sahu ɗaya kuke sallah.

Wasiyya ma haka, dokar 1971 shaidu biyu take nema da za su kasance tare lokacin sa hannu, kuma kar ka sa wanda aka bar wa wani abu a ciki ya zama shaida. In rigima ta riga ta tashi tsakanin 'yan uwa, notari ba alƙali ba ne, ba zai raba ku ba, ka nemi lauyanka daban wanda zai tsaya maka.