Kada ka karɓi ɗakin da ba za ka ɗora tukunya a cikinsa ba

Na zo hutu ƙauyenmu a ƙasar Ringim daidai lokacin da ake ɗaurin damin gero. Tun ranar da na sauka, zauren Baffa ba ya rabuwa da samari bayan sallar isha'i. Wannan ya samu gurbin karatu a Ingila, wancan yayansa na nema masa aiki, wani kuma ƙanwarsa ce za ta bi mijinta. Tambayoyinsu iri ɗaya ne: kuɗin jirgi, rigar sanyi, nawa ake biya a awa. Dare shida ana wannan hira, ko mutum ɗaya bai tambaye ni abin da zai riƙa ci ba. Alhali cikin shekara tara da na yi a arewacin Ingila, abin da ya fi ba ni wuya ke nan, kuma duk shekara ina kallon sababbin zuwa suna faɗawa ramin da na faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ƙannena.

Layin waya, asusun banki, katin bas, duk cikin mako biyu za ku gama. Masallaci da mahautan halal ba sa wuyar samu a manyan garuruwa. Mutanenmu kuwa, Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa barin baƙo ya kwana a filin jirgi ba. Saƙo ɗaya za ka tura a zauren WhatsApp, wani da bai san sunan kakanka ba ya tuƙo mota awa biyu ya ɗauke ka. Ina alfahari da wannan hali namu a gaban kowace ƙabila. Abu ɗaya nake so ku gaggauta: rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. Kyauta ce, kuma a ƙa'idar Ingila ba dole ne sai ka nuna shaidar adireshi ba. Kada ka jira sai ciwo ya kwantar da kai.

Yanzu ga inda ta yi mini zafi.

Ɗakina na farko a gidan wani mutum ne da shi ma yake zaune a ciki. Na ga arha, na ga kusa da wurin aiki, na biya kuɗin ajiya ban tambayi komai ba. Ranar Lahadin farko na ɗora miyar kuka da daddawar da Inna ta ƙulla mini. Kafin miya ta nuna mai gidan ya sauko, ya buɗe tagogi duka, ya ce wannan wari ba zai yiwu a gidansa ba. Washegari na tarar da takarda manne a jikin firij: ba suya, ba girki mai ƙarfi, sai dai ɗumame a na'ura. Da na yi maganar tashi sai ya nuna mini cewa kuɗin ajiyata suna hannunsa. Daga baya na fahimci cewa wanda yake zaune gida ɗaya da mai gida, suna haɗa kicin da banɗaki, ba ya samun kariyar da cikakken ɗan haya yake samu. Shi cikakken ɗan haya, doka ta tilasta wa mai gida ya saka kuɗin ajiyarsa a wani asusu da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, kuma kuɗin ba za su wuce hayar mako biyar ba. Ni ban da wannan gata. Ga kuma kara da aka raine mu da ita, cewa baƙo ba ya ja da mai masauki. Na ɗauke tukunyata na tura ƙarƙashin gado, ta yi wata goma sha huɗu a can.

Cikin watannin nan ga abin da na rayu a kai. Da safe farin burodi da shayi, suga cokali huɗu. Da rana soyayyar kaza da soyayyen dankali daga shagon bakin titi, a haɗa da lemon gwangwani, domin haɗin ya fi arha. Aikin dare kuwa biskit da lemon ƙara kuzari. Ranar hutu taliyar leda, a ɗumama a na'ura. Na tura hoto gida aka yi ta murna, Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, Ingila ta karɓe ka, har wuya ya yi kauri." Ni ma na ɗauka hutu ne.

Sai jiki ya fara magana. In na tashi da asuba gwiwoyina a ɗaure, sujada sai na dafa bango. Ina gama cin abinci barci ya danne ni. Kasala ba ta sakina ko na kwana biyu ban je aiki ba. Na ce sanyin ƙasar ne ya shige ni, na riƙa sayen ibuprofen ina sha kamar gyaɗa, har cikina ya fara zafi. Wannan magani in an daɗe ana shansa yana iya jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Wani dattijo ɗan Kano da muke sahu ɗaya a masallaci shi ya lura da yadda nake tashi daga zaman tahiya, ya ce, "Malam, gobe ka je a ɗebi jininka." Allah ya ji ƙan mahaifansa.

Sakamako ya nuna abu uku. Awon suga na wata uku, wanda suke kira HbA1c, ya kai 45. A ma'auninsu, daga 42 zuwa 47 mutum yana bakin ƙofar ciwon suga, daga 48 ya shiga. Sinadarin bitamin D ya yi ƙasa. Sannan wani awo mai suna CRP ya ɗan haura. Likitar ta yi mini bayani, ni ma bari in yi muku yadda na gane shi. In ƙaya ta soke ka, wurin ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, garkuwar jiki ce take faɗa, kuma in ta gama sai ta kwanta. Wannan kumburi alheri ne. Amma akwai wani na ɓoye, wanda ba ya tashi sosai kuma ba ya mutuwa, kamar wutar da ta kama ƙasan jujin ƙaiƙayi, sama ba hayaƙi, ciki tana ci. Kitsen da ke taruwa a tumbi, kewaye da hanji da hanta, yana fitar da sinadaran da ke hura wannan wuta, ita kuma hanta sai ta ƙara yawan CRP a jini. Shekara da shekaru a haka, jijiyoyin jini suna lalacewa, jiki yana daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, hanyar ciwon suga da ciwon zuciya ta buɗe. Shi awon CRP ba ya faɗin musabbabi, ko mura tana ɗaga shi, shi ya sa likita ne zai fassara maka, ba abokin aiki ba. Ta kuma gaya mini cewa mu baƙar fata haɗarin ciwon suga yana fara hawa a kanmu tun daga shekara 25, ba sai 40 ba kamar Turawa.

Aka ba ni takardar abincin da ya kamata in koma wa: hatsin da ba a cire masa dusa ba, wake, ganye, gyaɗa da danginta, kifi mai maiƙo, man zaitun, a rage suga da soye-soye da naman da aka sarrafa a masana'anta. Suna kafa hujja da cimar mutanen bakin tekun Bahar Rum. An yi wani babban bincike a Sifaniya mai suna PREDIMED a kan mutum fiye da 7,000, aka ga waɗanda suka bi wannan cima da ƙarin man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu ɓawo sun samu raguwar haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin ɗari. Na riƙe takardar a tashar bas ina karantawa, hawaye suka zubo mini, domin madafar Inna na gani a rubuce. Tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya. Ɗan wake. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwaɗon rama, faten tsaki da yakuwa. Riɗin da Jigawa take lodawa a tirela daga Maigatari. Kifin Haɗeja. Abin da muke jin kunyar bai wa baƙon birni, shi likitan Turai yake roƙon mutane su ci.

Na tashi daga gidan nan, na bar masa rabin kuɗin ajiyar, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Kafin ka biya ko fam ɗaya, tambayi mai gida ko a gidan yake kwana. Tambaye shi ko kana iya girki kullum, kuma ya rubuta maka amsar a saƙo. Buɗe firij ka ga ko akwai wurin da za ka daskarar da miya. Gara ka ƙara fam talatin a wata, ko ka ƙara tafiyar minti ashirin a bas. Mu ma kuma mu yi adalci: daddawa a kwalba mai murfi, a kunna fankar zuƙe hayaƙi, a buɗe taga, a wanke tukunya nan take. Wasu yaranmu suna barin kicin kaca-kaca, su ɓata wa na bayansu suna.

Kayan girki ba su da wuyar da kuke zato. Shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan suna sayar da garin gero da sunan bajra, na dawa da sunan jowar, kuɓewa kuma bhindi. Wake mai baƙin hanci yana nan busasshe da na gwangwani. A manyan kantuna irin Aldi ko Lidl alayyafon ƙanƙara da sadin na gwangwani suna cikin mafi arhar kaya, kuma titus ɗin da muka sani a kasuwar Kano shi ne kifi mai maiƙon da ake magana. Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, ɗaya ya zama mai maiƙo. Tana son babba ya samu giram 30 na faiba a rana, wato dusa da harzar da ke cikin hatsi da wake da ganye, wadda ƙwayoyin halitta masu amfani na cikin hanji suke rayuwa a kanta. Suga na ƙari kada ya wuce giram 30 a rana, alhali gwangwani ɗaya na Coca-Cola yana ɗauke da 35. Gishiri kada ya wuce giram 6, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da muke zubawa uku-uku a miya yawancinsa gishiri ne. In daddawa ta ji, ɗaya ya isa. A gaban leda za ka ga alamar kala: ja yana nufin abin ya yi yawa, kore kaɗan. Ni ranar hutuna nake dafa miya kala biyu da wake tukunya guda, in rarraba a robobi, in tafi aiki da nawa. Manja da man gyaɗa na rage su zuwa cokali, na daina tsiyayawa daga galan. Bitamin D kuwa, gwamnatinsu ta ce kowa ya sha maikurogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, mai baƙar fata kuma ya duba yiwuwar sha duk shekara, domin a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne in yi wa yaro wannan bayani duka, bayan wata biyu in same shi da kwalbar ƙwayar kurkum ta fam ashirin da ya gani a TikTok, a ɗaya hannun kuma ledar soyayyar kaza. Citta da tafarnuwa da kurkum suna da kyau a cikin miya, amma babu garin da zai goge ɓarnar lemo uku a rana. Zoɓo ma da ake yabo, in ka narka masa rabin kofin suga ka mayar da shi lemon kwalba. Akwai wani ɗan ƙasar Gumel da na sani, yaro mai zuciya, duk albashinsa gida yake turawa, shi kuma burodi da shayi. Na ce masa, "Ƙanena, in ka kwanta wa zai tura musu?" Ya ce in ya gama ginin ɗakin mahaifiyarsa zai gyara. Yanzu yana shan maganin suga yana da shekara talatin da ɗaya. Wanda kuma aka riga aka ɗora a kan maganin hawan jini ko na suga ko na amosanin gaɓɓai, kada ya ajiye shi don ya koma cin zogale. Abinci yana taimaka wa magani, likita ne kaɗai zai rage maka shi. Da azumi kuma a yi hattara, domin teburin buɗa-bakinmu a can ya koma na samosa da fanke da lemo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raba mana ciki uku: abinci, abin sha, numfashi.

Ni wata tara bayan na koma tukunyata, ina kuma sauka daga bas tun kafin tashata in taka sauran, awon sugana ya dawo 39, gwiwa ta sake ni.

Wajen ɗaure kaya, ku gaya wa iyaye mata su haƙura da kilishi da dambun nama da man shanu. Dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, in aka gani ƙwacewa za a yi. Sauran kayan miya busassu, a duba shafin gwamnatinsu kafin tafiya, a kuma bayyana su in an tambaya.

Jiya da daddare na sa aka kawo igiyar ɗaurin dami zaure. Kowa ya auna tsayinsa, ya ninka igiyar biyu, ya zagaya ta a cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. Likitocin can sun ce kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Samarin duka igiya ta zagaye su har da saura, na ce kowa ya yanke tasa ya saka a jaka ya tafi da ita. Mutum biyu ne ba ta kai ba, kuma ba su taɓa fita ko Kaduna ba: mai shagon bakin tasha da ƙanin Baffa da ya daina zuwa gona ya koma shayi da burodi. Su ma na ce ranar kasuwa su shiga Ringim a gwada jininsu.