Masu shirin tomi tok (tiyatar ɗame ciki), dan Allah ku daina maimaita waɗannan kurakuran

Wallahi na gaji. Kusan kullum sai wata ta turo min saƙo tana so a ɗame mata ciki bayan haihuwa, tambayar farko nawa ne, ta biyu tabon zai ɓace? Kuɗi dai kowane asibiti da nasa. Tabo kuwa ba ya ɓacewa, layi ne a ƙasan mara daga wannan ƙugu zuwa wancan, yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya dusashe, in kuma jikinki mai yin tabo mai tudu ne irin na bayan hujin kunne, ki faɗa tun kafin a sa miki rana.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne ɗaukar aikin kamar jego. Likita fa ɗaga fatar cikin yake yi, ya ɗinke naman da juna biyu ya raba, ya yanke fatar da ta yi rara, ya fito da cibiya ta sabuwar kafa. A nan ƙananan jijiyoyi ke yankewa, ƙasan cibiya sai ya daina jin komai har watanni. Toh ni ma an yi min aikin, da aka sallamo ni na dawo gida Kubwa, gwaggona da ta zo jinya ta ce ai ciki sai da gashi, ta tsoma tawul a ruwan zafi ta dinga danna min, ni kuma ina kwance ina cewa ƙara Gwaggo ban ji zafi ba. Washegari fatar ta yi bororo ta saɓule. Na sha zarya asibiti wankin ciwo, kuma yau tabon ƙunar ya fi na tiyatar muni nesa ba kusa ba. Da kyakkyawar niyya ta yi, amma ba gashi, ba robar ruwan zafi, ba man zafi, ko wace ce ta ce a yi. Ni yanzu in na je duba wata, mai jinyar nake fara ja gefe in yi wa bayani.

Sai ɓoye-ɓoye. Haba 'yan uwa! Likita ya tambaye ki me kike sha ki ce ba komai, alhali ga shisha, ga shayin rage ƙiba, ga haɗin tafarnuwa da citta, ga kayan mata da ke kanki ba ki san me aka zuba ciki ba. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba da shisha, na matse hanyoyin jini, fatar da aka ja ta kasa samun jini ta yi baƙi ta mutu, shi ya sa ake cewa a daina aƙalla sati 4 kafin aiki. Asfirin na sa zubar jini, wasu ƙwayoyin tsarin iyali na ƙara haɗarin daskarewar jini. Kunyar me kike ji a gaban wanda zai buɗe cikinki? Ni shawarata ki tattara komai a leda ki zube masa a tebur.

Hoton Instagram ba shaida ba ne, ki tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kuma ƙwararren likitan gyaran jiki ne, a asibitin da ke da likitan sa barci. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, a Sifen ta rasu a Oktoban 2005 bayan tiyatar gyaran jiki, fita waje kaɗai ba kariya ba ce. In Turkiyya ko Masar za ki, kar ki hawo jirgi sai likita ya yarda.

Aikin ba na rage ƙiba ba ne, ki fara rage nauyin. In ba ki gama haihuwa ba ki jinkirta, sabon ciki na iya warware ɗinkin. Bayan aikin kar ki kwanta rashe-rashe, ki dinga takawa a ɗaki ko a duƙe ne tun ranar farko. Ɗamarar da aka ba ki wajen sati 6 za ki yi kina sa ta, goyo da ɗaukar bokiti kuma ki haƙura da su tsawon wannan lokacin, sallah kuwa a zaune na yi ta har ruku'u ya daina ja min ɗinki. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ko numfashi ya fara sarƙewa, ba ni za ki tura wa saƙo ba, asibiti za a kai ki a take ko tsakar dare ne.